Kafin Ka Sayi Dashe, Zo Mu Zaga Kano Neman Taki Da Ruwa

Duk shekara idan damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, sha'awar dashen itatuwa kan kama mutane. Za ka ga magidanci ya dawo gida da mangwaro biyu cikin baƙar leda a bayan babur, makaranta ta jera ɗalibai kowa da ɗan icensa, ƙungiyar unguwa ta tsaya ɗaukar hoto a ƙofar masallaci. Ruwa na sauka, ƙasa ta yi laushi, ko me ka soka sai ya yi kore. To, koma wuraren nan a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan Kano ba sassauci, ka ƙirga abin da ya rage. Sau da yawa busasshen tsinke za ka tarar, ko rami da akuya ta gama da abin da ke cikinsa.

Mai karatu, kuɗin dashe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. A ƙasarmu kusan duk ruwan shekara cikin wata huɗu yake sauka, sauran wata bakwai zuwa takwas kuma kai ne hadarin bishiyarka. Abin da za ta ci da abin da za ta sha a ranin farko su ke yanke mata hukunci. Mutane da yawa sun haƙura da dashe don an ce musu sai da buhun taki na kanti, da rijiyar burtsatse, da tiyo mai ɗigo na zamani. Alhali kuwa mafi yawan abin da ake buƙata yana zube a kasuwannin Kano da kewayenta, wani kyauta, wani kuɗin ɗauko kawai za ka biya. Zo mu zaga tare ka gani.

Wajen masu sayar da dashe

Mu fara da gefen titunan Nassarawa, inda masu sayar da furanni da dashe suka jera kayansu a inuwar manyan darbejiya. Wuri ne mai sanyi da daɗin tsayawa, ƙasa a jiƙe, ledoji a jere kamar 'yan makaranta. Akwai mangwaro mai aure, gwaba, lemo, kashu, dabino, da itatuwan inuwa iri-iri. A gefe guda za ka ga buhunan baƙar ƙasa da aka riga aka gauraya da taki. Kaya ne mai kyau, amma an yi shi ne don mai tukunyar fure biyu ko uku a baranda. Idan ramuka goma za ka cika da shi, kuɗin ƙasar sai ya ninka na itatuwan.

Yau kallo da tambaya kawai za mu yi a nan, ba za mu sayi komai ba. Tambayi mai kayan wace ce ke jure ƙishi, wace ce ba ta jurewa. Mangwaro da gwaba da lemo masu son ruwa ne, musamman a shekara biyun farko. Darbejiya, zogale, tsamiya, kuka, magarya, aduwa da gawo sun san ƙasar nan, idan suka tsallake ranin farko ba sa ƙara damunka. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya kamata ya san wannan bambancin kafin ya zura hannu a aljihu. Ka kuma leƙa ma'aikatar muhalli ta jiha ko sashen gandun daji na ƙaramar hukumarka idan damina ta kusa, don akan raba dashe kyauta ko da rahusa a wasu shekarun. Kano na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Tsohuwar hanyar jakuna

Kafin mu fita gari, bari in tuna maka wani ciniki da ya girmi kakanninmu. Tun zamanin da, idan rani ya yi, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da birni sukan shigo da jakunansu ɗauke da itacen girki da kara da hatsi. Ba sa komawa da mangala fanko. Sukan cika ta da sharar birni: tokar murhu, kashin awaki da tumakin da ake turkewa a gida, ɓawo, da ƙasar tsakar gida. Su kai gona su zuba tsibi-tsibi, a jira damina. Da haka gonakin kewayen Kano suka yi ta ba da gero da dawa shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki, yana mamakin yadda ƙasa ke ɗaukar jama'a masu yawa haka ba ta mutu ba, kuma itatuwan gona ba su ƙare ba.

Har yanzu ana yin cinikin, sai dai tifa da a-kori-kura sun karɓi yawancin aikin jaki. Abin da ya canja ƙwarai shi ne ita kanta sharar. Bolar yau cike take da leda, fasassun kwalabe, tsofaffin batura, wani lokaci har da allurai. Idan mai tifa ya yi maka tayin juji da araha, je ka ga inda zai ɗebo. Tsohon juji da ya shekara ya koma baƙar ƙasa yana da amfani, amma sai ka sa an tankaɗe shi da rariyar waya irin ta magina, kuma mai aikin ya sa safar hannu da takalmi. Jujin da ke kusa da asibiti, ko garejin makanikai, ko masana'antar jima, ka bar shi inda yake ko da kyauta aka ba ka. Bishiyar da 'ya'yanka za su ci 'ya'yanta ba a ciyar da ita da wannan.

Juma'a a Wudil

Yanzu mu ɗauki hanyar Maiduguri. Tafiyar kamar kilomita 40 za ta kai mu Wudil, garin da ke bakin kogi, kuma ka yi ƙoƙari ranar ta zama Juma'a, ranar da kasuwar shanu ke ci. Tun daga nesa za ka hango ƙura da manyan motoci suna jiran lodi zuwa kudu. A cikin kara, ƙahoni ne iya ganinka, dillalai na ciniki, 'yan kamasho na kai da kawo, masu fura da nono a gefe. Kowa shanu yake kallo. Kai kuma ka dubi ƙasa. Dabbobin da ke tsayawa a nan mako bayan mako suna barin abin da muka zo nema.

Nemi masu share kara ko yaran da ke tara kashin shanu cikin buhu. Ka yi sallama, ka gaisa da kyau, ka tambayi wanda ke da iko da wurin, don ko juji yana da mai shi. Kar ka nuna ɗoki. Ka taya, a ce albarka, ka ƙara kaɗan, haka ake yi. Sirrin farashi a nan lokaci ne: daga Nuwamba zuwa Fabrairu manoman damina ba su fara rububi ba, taki na zaune. Da zarar an shiga Afrilu da Mayu, kowa na sharar gona, sai kuɗinsa ya tashi, motar ɗauka ma ta yi wuya. Idan Wudil ta yi maka nisa, Ɗambatta na ci ranar Lahadi, kuma kowace unguwa tana da mai kiwon da turkensa ya cika ya rasa inda zai kai. Irin wannan maƙwabcin sau da yawa godiya zai yi maka idan ka kawo baro ka kwashe.

Ga yadda za ka gane mai kyau. Damƙi kaɗan a hannu. Wanda ya ruɓe yana da duhu, yana marmashewa, ƙamshinsa irin na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Wanda ke da ɗumi, ko wari mai hawa kai, bai nuna ba. Ka kuma lura da nauyi: buhun da ya cika nauyi an haɗa shi da yashi, kuma kai ba yashi ka zo saye ba. Kashin awaki da na tumaki ya fi na shanu ƙarfi kuma ya fi sauƙin ɗauka. Na kaji, wanda za ka samu a gidajen gonar da ke bayan gari duk lokacin da suka kwashe ɗaki, ya fi su duka zafi. Ɗanyensa kan ƙona saiwar ƙaramin dashe cikin 'yan kwanaki. A Abbatuwa ma akwai abin da ake juyewa daga tumbin dabbobi, ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, tana yin taki mai kyau, sai dai warinta ba na cikin unguwa ba ne, a kai ta gona ko fili. Dukansu dai hukuncinsu ɗaya: a bar su su ruɓe kafin su haɗu da saiwa. Ɗanyen taki a rami gayyata ce ga gara.

Hanyar Zariya: Na'ibawa zuwa Kura

Wata ranar mu bi hanyar Zariya. Zangon farko Na'ibawa, kasuwar 'Yan Lemo. Kafin hantsi an sauke motocin lemo, ayaba, kankana da abarba, kuma duk lodin da aka sauke yana barin ruɓaɓɓu da ganyen da aka yi shimfiɗa da shi. 'Yan kasuwa kuɗi suke biya a kwashe musu. Haka abin yake a Yankaba ta hanyar Haɗejia, inda ganyen kabeji, latas, albasa da ruɓaɓɓen tumatir ke taruwa kullum. Wannan ɗanyen kaya shi ke sa ramin taki ya ɗauki zafi da wuri. Ka je da buhunanka, ka tsince leda tun a can, ka sallami yaron da ya taya ka.

Kusa da nan akwai 'yan katako, inda garin katako ke tsibi a bayan injina. Yana da amfani, amma da sharaɗi. Idan ka cusa shi ɗanye cikin rami, zai janye abincin da ke ƙasar yayin da yake ruɓewa, sai ka ga ganyen dashe ya koma ruwan ɗorawa. A gauraya shi da kashin kaji a bar su su nuna tare, ko a shimfiɗa shi a sama kawai don tare rana.

Daga nan sai Kura. Idan ka saba da launin rani na birni, idonka zai sha mamaki a nan. Ga Fabrairu, ga hunturu, amma ga kore shar har inda ido ya tsaya: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, yana bin manyan magudanai ya rarrabu zuwa Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure. A cikin garin kuma injinan casar shinkafa ba sa hutawa, kuma bayan kowane inji akwai dutsen buntu. Shi muka zo ɗauka. Buntu ba shi da nauyi, buhu goma ba sa gajiyar da mota, yana sassauta ƙasa mai tauri, kuma idan ka shimfiɗa shi kaurin yatsu huɗu a gindin dashe, laima kan daɗe ba ta tsere ba. Matan da ke turara shinkafa suna ƙona shi a murhu, tokarsa ma abin nema ce.

Kafin mu bar Kura, tsaya a bakin wata gona ka gaisa da masu ban-ruwa. Manomin rani ya fi kowane mai kanti sanin tiyon da ke jure rana da wanda ke tsagewa cikin wata biyu, da injin da ke shan mai da wanda makanikin ƙauye zai iya gyarawa. Tambaye shi kuma ko yana da tsohon tiyo da ya huje ya jingine. A wurinsa ya gama aiki. A wurinka, tiyo mai huji da aka shimfiɗa a layin itatuwa rabin aikin ban-ruwa ne.

Ramin bayan gida

Mun tara kaya, sai a dafa. A nan uwargida ta fi maigida iko, don rabin kayan haɗin daga madafarta suke fitowa: ɓawon doya da dankali, ganyen da aka tsince, ɓawon ƙwai, tokar murhu, sharar turke. Banda nama, mai, ƙashi da leda, don kada a tara ɓeraye da ƙudaje.

A samu inuwa nesa da rijiya, a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya. A shimfiɗa kara ko karmami a ƙasa. A zuba kashin dabbobi, a bi shi da ɗanyen ganye, a barbaɗa toka kaɗan, a rufe da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa hawa-hawa har ya cika, sannan a rufe da tsohuwar tabarma ko buhu. Jiƙa ake so, ba tsamo-tsamo ba: idan ka matse a hannu ya dunƙule bai ɗiga ba, ya yi daidai. Soka sanda a tsakiya. Bayan kwana huɗu ko biyar ka zaro ta, idan ka ji ɗumi, aiki na tafiya. A juya shi duk mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, ya daina wari. Ganyen darbejiya da ake sharewa a ƙone kowace safiya, a zuba shi ciki, yana taimakawa wajen rage gara. A kuma kewaye ramin ko a ɗora masa murfi saboda ƙananan yara.

Nawa kake buƙata? Ramin dashe ɗaya, faɗi ƙafa biyu zurfi ƙafa biyu, kwanon sarki biyu na nunannen taki ya ishe shi, a gauraya da ƙasar saman da aka ware lokacin haƙa. Itace goma ke nan kwano ashirin, wato kamar baro biyar. Da yake kaya kan zabge zuwa kusan rabi idan ya ruɓe, sai ka tara baro goma. Ka ga ba tifa kake buƙata ba. Wanda ya fara a Fabrairu ko Maris, takinsa ya nuna kafin ruwa ya zauna.

Ƙofar Ruwa da lissafin jarka

Saura babban aiki, ruwa. Mu nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ƙarar guduma da walda ba ta yankewa. Rodi, kwano, bututu, famfo, tsofaffin kayan mota, durum-durum, duk abin da aka taɓa ƙerawa da ƙarfe ko roba akwai sabonsa da tsohonsa a nan. Amma kafin ka shiga, zauna mu yi lissafi, don kada mai shago ya yi maka shi.

Ɗauka kana da dashe goma, kowanne ka ba shi lita 10 sau biyu a mako. Lita 200 ke nan a mako, wato duro ɗaya, ko jarka takwas irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Daga Oktoba zuwa Mayu akwai mako kamar 32. Jarka 256 ke nan, kuma a Maris da Afrilu sai ka ƙara. Ninka wannan da kuɗin jarka a unguwarku. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin itatuwanka. Idan ya fi ƙarfinka, ka dasa biyar su rayu, ya fi ka dasa ashirin ka yi musu jana'iza. Duk abin da za mu saya a kasuwar nan, amfaninsa ya rage wannan adadin ne.

Na farko duro, na roba ko na ƙarfe, mai lita 200. Tsoho ya wadatar, amma ka shinshina cikinsa ka tambayi abin da aka zuba a da. Wanda ya ɗauki man girki ko kayan abinci shi ake so, wanda ya ɗauki sinadari ko maganin ƙwari a bar shi. A ɗora shi a kan bulo hawa uku ko huɗu, a sa masa kan famfo a ƙasa, a jona tiyo. Nauyin ruwan da kansa zai tura shi, ba wuta ba fetur. A ɗaura ƙyalle a bakin don tace datti, a rufe saman ruf saboda sauro da yara.

Na biyu guntayen bututun roba, irin ragowar da masu aikin famfo ke yarwa ko su sayar a banza. Yanka shi tsawon kamu biyu, ka huhhuda gefen da zai kalli dashe, ka kafa shi a tsaye cikin ramin ranar da za ka dasa. Ruwan da ka zuba ta nan kai tsaye yake sauka wurin saiwa, rana ba ta samun rabonta, ciyawa ma ba ta tsirowa a sama. Saiwar kuma sai ta koyi bin ruwa ƙasa maimakon ta yi ta yawo a sama. Wanda bai samu bututu ba, robar lemo babba da aka huda da allura aka binne ta yi wannan aikin.

Na uku ba a Ƙofar Ruwa yake ba, yana wurin masu tukwane, kuma shi na fi so ka gwada: tulu. Tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba yana tsatsar da ruwa a hankali, abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Binne shi har wuya, tazarar taki ɗaya daga dashe, ka cika shi, ka rufe bakin da faifai ko fasasshen kasko. Idan ƙasar ta bushe sai ta ja ruwa daga jikinsa, idan ta jiƙa sai ya tsaya. Dabara ce da manoma a ƙasashe masu fari suka daɗe suna yi, kuma tana iya rage maka rabin ruwan da za ka kwarara a sama. Tambayi mai tukwane waɗanda suka karkace a wuta ko bakinsu ya ɓantare. Ba mai sayensu don ɗaki, a wurinka kuwa babu bambanci.

Injin ban-ruwa da famfo mai aiki da hasken rana suna da wurinsu, amma na mai lambu ne ko na unguwa da ta haɗa kai. Mai itace goma da ya ci bashi ya sayi inji ya sa wa kansa kaya.

Akwai kuma ruwan da kake zubarwa kullum ba ka sani ba. Gida mai mutum shida, kowa ya yi alwala sau biyar ko da da lita ɗaya-ɗaya, lita 30 ke nan a rana, 210 a mako. Duro guda ya cika har ya zuba. A ajiye baho a wurin alwala, ko a dasa bishiyar a inda ruwan ke gangarawa, kamar yadda ka sha gani a masallatan ƙauye inda darbejiyar bakin kwata ta fi kowace girma. Ruwan wankin shinkafa da na ɗauraya duk suna yi. Wanda ke da omo mai yawa, bilic ko gishiri kada a kai shi gindin dashe. Haka ruwan kwatar Jakara da wanda ke fitowa daga masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa: araha ne, amma ba na bishiyar ci ba ne.

Abin da Maraɗi ta gano

Idan kana da hali, ƙarasa tafiyar ta Katsina da Jibiya ka shiga Maraɗi. A gonakin da ke gefen hanya za ka ga itatuwa warwatse cikin gero, yawancinsu ba wanda ya dasa su. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashe a yankin, yawancin abin da aka dasa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututture ne, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara roƙon manoma su zaɓi reshe mai ƙarfi ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, su sare sauran, su kare abin da suka bari. Tun da saiwar ta riga ta kai ga laima, ba taki ba ban-ruwa. Manoma suka koya wa juna, har aka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200.

A wajen Tawa kuma akwai tassa: ƙananan ramuka da ake haƙawa da rani a kan ƙeƙasasshiyar ƙasa, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu a kowanne, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwan sama. Ita ce dabarar da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da ita, shi da Rinaudo suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Darasin a gare ka shi ne kada ka watsa taki ko'ina, ka sa shi daidai inda saiwa take, kuma ka yi wa kowane dashe ɗan kwari mai siffar rabin wata da zai kama masa ruwan sama.

Don haka idan gonar gado ce za ka dasa, zaga ta da ƙafa tukuna. Wataƙila akwai gawo, kalgo, sabara ko magarya da ake sarewa duk shekara suna sake tohowa. Gawo musamman ka riƙe shi da kyau. Shi ne ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Kowane manomi ya san hatsin ƙarƙashin gawo ya fi na gefe.

Kafin damina ta zo

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ke rusa duk wahalar da aka sha: akuya. Dare ɗaya ya ishe ta. Ƙayar magarya, tsohon kwando, tayoyi biyu da aka ɗora, ragowar bulo, ko tsohuwar wayar keji daga wurin 'yan gwangwan, kowanne ya yi, muddin an kafa shi ranar da aka dasa, ba gobe ba.

Kuɗin mota shi ne zai fi cin ka a duk wannan zagaye, don haka kada ka yi shi kai kaɗai. Gida biyar a layi ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki a-kori-kura guda, ta biya Kura ta ɗauko buntu, wata ranar ta je Wudil. Matan da ke adashi za su iya ware zubi ɗaya don duro da tuluna. Kwamitin masallaci ko na makarantar Islamiyya ya raba wa yara itatuwa, kowa da tasa da sunansa, ka ga yadda za su yi gasar ban-ruwa.

Jadawalin ba shi da wuya. Da hunturu a tara taki da buntu. Fabrairu zuwa Maris a cika rami. Mayu a haƙa ramukan dashe, a tanadi tulu, bututu da ƙaya. Idan ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni ko Yuli, sannan ne za ka koma wurin mutumin nan na Nassarawa da kuɗinka, ka zaɓi dashe mai lafiya, ka dasa da yamma. Kada ka jira ƙarshen Agusta, don kowane makon damina da bishiya ta samu jarka ce da ba za ka saya ba.

Malamai sun sha gaya mana dashen bishiya sadaka ce mai gudana, mutum ya ci, tsuntsu ya ci, matafiyi ya huta, lada na tafiya. Amma sai ta rayu sadakar ke gudana. 'Yan'uwa na Katsina, Sakkwato, Gusau, Damagaram da sauran garuruwa, kowane gari yana da Wudil ɗinsa da Ƙofar Ruwansa. Ku faɗa mana inda ake samun naku da yadda kuke yi, wani ya ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya abin da muka dasa.